Gogen da Ban Sassaƙa Ba

Shekara arba'in da huɗu ina sassaƙar goge
a lungun bayan hasumiya, nan Cremona,
inda ƙararrawa ke girgiza gilashin taga.
Na san itace kamar yunwar cikina.
In na ƙwanƙwasa shi da ƙashin yatsa
sai ya faɗa mini gefen dutsen da ya tsira,
da sanyi nawa ya sha kafin gatari.

Wuyana kuwa, ban taɓa tambayarsa komai ba.

Sai bara, da raɓa ta kwanta kan kogin Po,
muryata ta dushe, ta ƙi dawowa.
Zuma ta gaza, lemon tsami ya gaza.
Likita Zanacchi ta zura mini siririyar waya ta hanci,
mai ƙwayar fitila a baki,
ta juyo allon, ta ce,
"Ermete, ga shagonka na ciki."

Na duba. Tsoka biyu, farare, jiƙaƙƙu,
tsawonsu bai fi farcen babban yatsana ba.
Ta ce in ja "iii". Suka matso, suka haɗa baki,
suka hau karkarwa har ido ya kasa bin su,
fiye da sau ɗari, in ji ta, cikin daƙiƙa guda.

Na ce, ina izgar da ke goga su?
Ta ce, numfashinka.
Huhu ne zugazugi. Iska ta taso, ta ture ƙofar,
ƙofar ta komo, ta sake turewa,
wannan gardamar tasu ita ce sauti.
Na ce, ina abin murɗawa a ɗaure tsirkiya?
Ta ce, 'yan jijiyoyi ne, suna ja suna saki
tun kafin ka gama niyyar waƙar.
Akwatin fa?
Maƙogwaro, kogon baki, da soron hanci.

Nan na yi shiru.
Ni wata uku nake rarake cikin goge ɗaya,
in ya bushe, ya tsaya haka har gaban abada.
Wannan kuwa, harshe na sāke masa ɗaki
a kowace gaɓa,
ba kurfi, ba manne, ba awo.

A gefen ta hagu akwai wani ɗan tsiro
kamar ƙwayar shinkafa.
Suka cire shi ran Talata.
Kwana goma, in ji ta, ko raɗa ban da.

Kwana goman nan na ji garinmu.
Nives mai kifi tana kiran farashi daga can cikin ciki,
muryarta na tsallake rumfa tara ba ta gaji ba.
Jinjirin maƙwabta, ɗan sati uku,
ba wanda ya koya masa inda ake ajiye numfashi,
amma yana cika bene huɗu.
Da Clelia, tana kirana daga matakala,
da wannan 'yar tsagar da ke muryarta
tun ranar da muka binne ɗanmu.
Da goge ne, da na ce a kawo in liƙe.
Wannan, ko an ba ni duniya, ba na taɓawa.

Ran na sha ɗaya na zauna kan bencin aiki.
Na ɗora tafin hannu a wuya
kamar yadda nake ɗora shi a bayan goge
in ji ko itacen ya farka.
Na ja iska. Na sake ta a hankali.

Ya motsa.
Gwangwarau, kamar katakon da ba a goge ba,
amma nawa ne, na gane shi.

Gogunana suna Osaka, suna Lima,
za su yi kuka a hannun jikokin waɗanda ban sani ba.
Wannan ba shi da jaka, ba ya gadon kowa,
ranar da na tafi, tare za mu.

Na ce, "Clelia."
Ta ce daga kicin, "Kofi ya huce, sai yanzu?"
Sannan na ji cokali ya faɗi.